Yadda Na Gano Ainihin Shekarun Tsohuwar Jitar Bes Ɗin Da Na Saya a Gwanjo

Mai shagon ya tabbatar mini cewa jitar ta 1966 ce, kuma har ga Allah ba da niyyar cuta ya faɗa ba. Hujjarsa ya nuna mini. Ya kwance farantin robar da ke gabanta, ya haska da tocilar waya, sai ga wasu lambobi a bayan abin ƙara murya: 1376624. Ya ɗora farce a tsakiya ya ce, "Malam, ga 66 nan da idonka." A cikin kwantenar kayan gwanjo ta zo masa daga Amurka, tare da tsofaffin amfilifaya da sifiku, akwatinta duk warin ajiya. A kanta an rubuta Fender Precision Bass. Amma an kankare fentinta an shafa banish, an fafe jikinta an ƙara mata fikof na biyu, wato maganaɗisun da ke ɗaukar sautin tsarkiya, an canza jakin da tsarkiyoyi ke hawa, ga kuma wani ɗan makunni da aka huda farantin aka dasa.

Na yi shekaru ina kaɗa bes a wuraren biki da situdiyo a Kaduna, kuma da na rungume ta na ja tsarkiya ɗaya, tun kafin a jona ta da wuta, na ji katakon yana amsawa a cikina. Na san ina son ta. Abin da ya rage shi ne in san me nake saye. Matakan da na bi su ne zan zayyana, don duk wanda irin wannan kaya ya faɗo hannunsa ya san ta inda zai fara.

Abu na farko da ya kamata ka riƙe: jitar Fender da sukurori aka harhaɗa ta. Leo Fender ya fito da Precision Bass a 1951 a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, kuma da gangan ya tsara ta yadda za a iya kwance wuyanta a sa wani cikin 'yan mintoci. Wannan sauƙin ne ya sa bayan shekara hamsin za ka iya samun wuyan wata a jikin wata, da farantin lamba na ta uku. Don haka kada ka tambayi jitar shekarunta a dunƙule. Wuya shaida ne, gangar jiki shaida ce, kayan wuta shaida ne, ƙarafa ma haka. Kowanne ka saurare shi shi kaɗai, sannan ka ga ko bakinsu ya zo ɗaya. Dalilin da ya sa shekara take da nauyi kuwa, kamfanin CBS ya sayi Fender a watan Janairun 1965, kuma masu tara tsofaffin jita suna fifita na kafin lokacin, sai waɗanda suka biyo baya kusa-kusa. Tsakanin farashin ta 1966 da ta 1971 akwai bambancin kuɗi masu yawa.

Kayan aikin ba su da tsada. Sukudireba mai bakin kuros wadda ta yi daidai da kan sukurorin, mitar masu gyaran rediyo, tocila, ma'auni mai inci da milimita, fitilar nan ta duba jabun kuɗi, da tawul mai kauri da za ka shimfiɗa a tebur. Ka tanadi kuma 'yan ledoji ko gwangwanaye na zuba sukurori, kowane rukuni daban. Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton kowane lungu.

Ka fara da abin da ido ke gani ba tare da an kwance ba. Ka auna daga ɗan ƙashin da tsarkiyoyi ke hawa a saman wuya zuwa na goma sha biyu cikin siraran ƙarafan da aka jera a kan wuyan, ka ninka biyu: inci 34 ya kamata ka samu, ƙarafan wuyan kuma guda 20. Sai tambarin kai. Na 1966 rubutun Fender ruwan zinare ne da baƙin zagaye. Daga wajen 1968 aka koma baƙin rubutu mai kauri, da sunan jitar cikin manyan baƙaƙe waɗanda ake hangowa daga nesa. Tawa baƙin ne da ita. Tun daga nan jikina ya ba ni cewa maganar 66 ba za ta tsaya ba. Na juya bayan kan ina neman wani ɗan maɓallin rataya maɗauri da ake sa wa na shekarun 1960, wanda aka daina kafin 1970. Babu shi, babu kuma ramin da zai nuna an taɓa ɗaura shi. Sai dai kada tambari ya ɗauke maka hankali da yawa, domin shi ne abin da ya fi sauƙin jabu a duk jikin jitar. Sitika ce, ana bugawa ana mannawa.

Lambar jita ita ce kowa ke gudu ya duba, ita ce kuma ta fi ruɗar mutane. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1976 a farantin ƙarfen bayan wuya ake buga ta. Daga 1963 zuwa 1965 lambar tana farawa da harafin L. Daga ƙarshen 1965 aka koma faranti mai babban harafin F a tsakiya da lambobi shida a sama. Daga 1976 lambar ta koma kan jitar, wajen tambari, inda S ke nufin shekarun 1970, E na 1980, N na 1990. Idan ka ga MN, ta Meziko ce ta shekarun 1990. Idan JV ce, ta Japan ce ta farkon shekarun 1980. Farantin tawa mai F ne, lambar ta fara da 3, abin da ke kai mutum farkon shekarun 1970, don na 1966 da 1 suke farawa, wasu su ɗan taɓa 2. Amma a masana'antar ba bi da bi ake ɗaukar farantan ba, daga kwando ma'aikaci ke zaro wanda hannunsa ya kai, shi ya sa lambobin shekaru suke shiga juna. Ga shi kuma sukurori huɗu kawai suka riƙe farantin. Ka ɗauke shi a matsayin mai nuna hanya kurum.

A nan akwai wata ƙa'ida mai amfani. Jazz Bass, wadda ta fito a 1960, ta koma wuya mai sukurori uku a tsakiyar shekarun 1970, da wurin ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya a sama, mai kama da harsashi. Precision ba ta bi ta ba, a kan huɗu ta tsaya. Duk wanda ya kawo maka Precision ta wancan zamani mai sukurori uku, ka ƙara buɗe ido.

Yanzu sai babban aikin, wato cire wuya. Ka nemi izinin mai kaya, kuma a gabansa za ka yi. Ni sai da na ajiye masa kafin alƙalami ya yarda, na kuma zo da wani dattijo mai gyaran rediyo da amfilifaya wanda muke kira Baba, don hannunsa ya fi nawa sanyi. Ka sassauta tsarkiyoyi gaba ɗaya, ka kifa jitar a kan tawul, ka kwance sukurorin kaɗan-kaɗan kana zagayawa, hannu ɗaya yana tallafe da wuyan. Idan sun fita kada ka fizge shi gefe, ka ɗaga shi a hankali ya fito ta gaba, in ba haka ba fentin bakin gurbin zai ɓantare.

Da Baba ya juyo gindin wuyan zuwa haske, sai ga hatimi da tawada, ya ɗan dusashe amma yana karantuwa: 5 MAR 71 B. Mai shagon ya ce biyar ga watan Maris kenan. Baba ya ce a'a. Wannan 5 ɗin ba rana ba ce, lambar samfuri ce: 5 na Precision, 7 na Jazz Bass. Sai wata, sai shekara, sai harafin faɗin wuya a wurin ƙashi. A inci ɗaya da rabi ne, B inci ɗaya da biyar bisa takwas, C inci ɗaya da uku bisa huɗu. Muka ɗora ma'auni, ya ba mu milimita 41 da 'yan kai, daidai da B. Wannan gwajin na faɗi kada ka tsallake shi, domin mai jabun hatimi yakan manta da shi. Precision ta 1966 yawanci C ce, mai faɗi. Kafin 1962 da fensir ake rubuta kwanan wata da hannu. Daga wajen 1972 kuma aka shigo da lambobi takwas a jere, biyun farko na samfuri, 01 Precision, 02 Jazz Bass, huɗun ƙarshe kuma mako da shekara da ranar mako.

Tun wuyan yana hannunka ka dubi abu uku. Na farko ramukan sukurori: huɗu ya kamata ka gani, ba wanda aka toshe da tsinke aka sake huda wani kusa da shi. Ramukan da suka wuce huɗu suna nufin wuyan ya taɓa zama a wani jiki. Na biyu, allon baƙin katakon da yatsu ke dannawa. Idan ka kalle shi ta gindi, na 1959 zuwa tsakiyar 1962 mai kauri ne, ƙasansa a miƙe. Bayan nan ya koma siriri, a lanƙwashe sama da ƙasa kamar jinjirin wata. Nawa siririn ne, da ɗige-ɗige masu ƙyalli irin na lu'ulu'u, ba masu launin yumɓu na farkon shekarun 1960 ba. Na uku, notin sandar ƙarfen da ke cikin wuya. Ka gwada juya shi kwata ɗin zagaye baya, sannan ka mayar. Idan ya ƙi motsi, ko yana juyawa a banza, ka dakata da cinikin. Wuyan da sandarsa ta mutu ya fi kowace matsala tsada, ko da hatiminsa na gaske ne.

To ina 66 ɗin nan ta fito? Lambar bayan abin ƙara murya, wanda masu gyara ke kira bolum, kashi uku ce. Ukun farko na kamfanin da ya ƙera shi: 137 CTS, 304 Stackpole, 134 Centralab. Biyu na gaba shekara, biyun ƙarshe mako. Wato 1376624 na nufin CTS, 1966, mako na 24. Mai shagon ya karanta daidai. Abin da bai sani ba shi ne a 1966 kamfanin ya sayi waɗannan bolum ɗin da yawan gaske, har ya yi ta amfani da su zuwa farkon shekarun 1970. Jitar 1969 ko 1971 mai bolum na 1966 abu ne da aka saba gani. Ma'anar lambar ita ce jitar ba za ta girmi wannan makon ba, muddin bolum ɗin nata ne na asali. Tana iya zama ƙanwarsa da shekaru. Haka ake lissafin duka: a cikin sassan asali, wanda ya fi kowanne ƙuruciya shi ke yanke shekarar.

Ta yaya za ka san bolum ɗin na asali ne? Dalma za ta gaya maka. Tsohuwar dalmar masana'anta ta dusashe, ta yi toka-toka, a kwance lumui. Sabuwa tana sheƙi, sau da yawa a tare kamar ƙwallo, da baƙin ƙonewa a gefe. A tawa, bolum ɗin sauya amo ba wanda ya taɓa shi tun ranar da aka like shi. Na ƙara murya kuwa akwai sabuwar dalma a ƙafa ɗaya, inda aka jona wayar makunnin nan. Wayoyin asali masu rigar roba ne, kuma hakan ya dace da 1971, don masu rigar zare sun ƙare wajen 1968. Roƙona gare ka, kada ka sa ƙarfen like a kan tsohuwar dalma don kawai kana son leƙa wani abu. Da zarar ka narkar da ita ka goge shaidar da ba ta dawowa.

Fikof, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsarkiya ya mai da shi sauti, a Precision gida biyu ne a karkace tun 1957. Ka kwance shi ka ɗaga a hankali, wayar da aka naɗa a ciki ta fi gashi siranta. Gindin na kafin 1964 baƙi ne, na bayan nan ruwan toka, wani lokaci da kwanan wata ko lambobi a jiki. Nawa ruwan toka ne. Baba ya sa ɗan guntun kebul a ramin jona waya, ya buɗe murya duka, ya tura makunnin zuwa tsohon fikof, mita ta nuna dubu goma da ɗoriya na om. Tsakanin dubu goma da sha ɗaya ake sa rai. Da ta nuna rabin haka ko ta ƙi motsi, da mun san gida ɗaya ya mutu ko an sake naɗi. Fikof na biyu kuwa bai ɓoye kansa ba: dogo ne irin na Jazz Bass, ruwan madara, da sukurori a madadin sandunan maganaɗisu, irin na kamfanin DiMarzio da makaɗa suka yi yayi a ƙarshen shekarun 1970. Jakin ma da sunansa a jiki, Badass II, wanda ke hawa kan ramuka biyar na asali ba tare da sabuwar huda ba. Wanda ya yi waɗannan gyare-gyare makaɗi ne mai neman sauti, a lokacin da jitar ba ta zama kayan tarihi ba. Ban ga laifinsa ba.

Gangar jiki ce ta fi ba mu wahala, saboda an kankare fenti, kuma fenti shi ne rabin shaidar jiki. Amma mai kankara ba kasafai yake shiga lunguna ba. Ka haska gurbin wuya, da ramin fikof, da ramin bolum. A gurbin wuyan tawa mun ga ragowar rawaya, da feshin ja da baƙi a gefe, wato asalinta mai launi uku ce, baƙi a baki, ja, sannan rawaya a tsakiya. Akwai kuma wani sashe da fenti bai taɓa ba, inuwar sandar da ake ɗaura wa jiki a riƙe lokacin feshi, dabarar da suka fara wajen ƙarshen 1962. Ramin fikof na asali gefensa sumul yake, aikin inji, da tsohon fenti a ciki. Sabon ramin kuwa da cizal aka sassaƙe shi, katakon fari fat, ba ɗigon fenti. Da muka kashe wuta muka kunna fitilar duba kuɗi, fuskar kan jitar ta yi wani haske kore-kore na tsohon fenti, bai ɗaya har kan tambarin, jikin kuma ya yi duhu. Da an manna tambarin daga baya, da wurin ya fita daban.

Ka ƙirga ramuka. Farantin robar Precision sukurori 13 ne, kuma kowanne ya faɗa raminsa ba tare da ƙari a ƙarƙashi ba. A wancan zamani jitar tana fitowa da murafun ƙarfe biyu, ɗaya a kan fikof, ɗaya a kan jaki. Makaɗa sukan cire su, amma ramukansu suna nan. Akwai kuma ɗan katakon jingina yatsa, wanda yake ƙasan tsarkiyoyi har zuwa wajen 1974 kafin a mai da shi sama. A tawa duk ramukan suna inda ya kamata, na katakon yatsa a ƙasa. Jikin da aka ce na 1971 ne amma ba ramin murfi ko ɗaya, ko alamar an toshe, da wuya ya zama na gaske.

Wani abin lura shi ne kwaikwayon Japan. A shekarun 1970 kamfanoni irin su Greco da Tokai da Fernandes sun yi jitoci masu kama da Fender ƙwarai, wasunsu ma kaya ne masu kyau da ba a raina su. Matsalar tana zuwa ne idan wani ya goge sunansu ya manna na Fender. Awon sukurori yakan tona asiri: na Amurka da inci suke, na Japan da milimita, don haka ƙaramin makullin da ke ɗaga jaki na ɗaya ba ya zama daidai a ɗayan. Masu arha kuma da filawud aka yi jikinsu, za ka ga layi-layi a cikin ramin fikof. Fender ta gaske katako ne guntu biyu, uku ko fiye, a manne gefe da gefe.

Da shaidu suka kammala, ga abin da ya bayyana: wuya na Maris 1971, faranti na farkon shekarun 1970, bolum biyu na asali, tsohon fikof na asali, jiki mai dukkan alamun zamanin. Ba ta 1966 ba ce, amma ba jabu ba ce. A kan haka muka sake zama ciniki, kuma na bi masa gyare-gyaren gwargwadon nauyinsu. Wanda ake kwancewa a mayar, kamar jaki da maɓallai, ba ya rage daraja sosai. Huda farantin roba ya fi shi. Fafe jiki ya fi wannan, don katakon da aka sassaƙe ya tafi. Kankare fenti shi ne babba, a wurin masu tara kaya yana iya cin kusan rabin kuɗin. Na ce masa, "Alhaji, ni kaɗawa zan yi, ba ajiya ba, amma kuɗin abin da ke gabanmu zan biya." Ya yi shiru yana kallon hatimin, sannan ya ce Allah ya sa albarka. Na sa ya rubuta mini rasit da lambar farantin a ciki. Kai ma ka yi haka, saboda kayan kiɗa suna yawan ɓata a hannun masu su, kuma takarda ce za ta wanke ka.

Ban mai da ita yadda ta fito daga masana'anta ba. Sake fenti ba zai dawo da na 1971 ba, cike ramin kuma zai bar tabo. Fikof na biyun yana ba ni wani kaifin sauti da ke ratsa ganguna a filin biki, don haka na bar shi. Abin da na yi shi ne wanke bolum da feshin masu gyara, sa sababbin tsarkiyoyi, da daidaita wuya. Da hunturu ya shigo katakon wuyan ya ɗan tsuke, bakin ƙarafa suka fara kartar hannu, sai Baba ya bi su da ƙaramin zarto mai laushi, na kuma koma ajiye ta cikin akwati da ɗan jiƙaƙƙen soso a gwangwani mai huji. Hotunan hatimin da lambobin bolum na wanke su, na haɗa da takardar da na rubuta abin da yake na asali da abin da aka canza, na sa a aljihun akwatin kusa da rasit.